Wasan zombi na haɗin gwiwa: labarin wa ake adanawa idan an yi wasa tare?

Garkuwa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mu uku ne muke son fara wasan zombi (gawarwakin da ke tashi suna farautar mutane) tare ta intanet, irin wanda ake sakin mutum a cikin gari ya shiga duk inda ya ga dama, kuma hankalinmu ya fi karkata ga Dying Light. Matsalar ita ce lokutanmu ba sa haɗuwa kullum, domin ɗayanmu yakan yi aikin dare, kuma ba ma son wanda bai samu zama ba ya dawo ya tarar an bar shi a baya. Idan na shiga wasan abokina muka kammala wani aiki na labarin, shin za a rubuta mini shi a nawa wasan, ko sai na sake yin sa ni kaɗai? Idan kuma akwai wani wasan da ya fi dacewa da halinmu, ina neman shawararku.

Tauraron Dare:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya kamata ku fara fahimta shi ne, a yawancin waɗannan wasanni duniyar ta mai masauki ce, wato wanda ya buɗe wasansa ya gayyaci sauran, su kuma baƙi ne a cikinta. Bambancin da ke tsakanin wasa da wasa shi ne abin da baƙo yake komawa gida da shi.

A Dying Light na farko, wanda kamfanin Techland na ƙasar Poland ya fitar a 2015, mutum huɗu ne za su iya haɗuwa a birnin Harran, kuma ba a buɗe wasan haɗin gwiwa sai kowa ya gama gabatarwar labarin shi kaɗai. Makamai, ganima da makin ƙwarewa duk suna bin baƙo zuwa nasa wasan. Labarin kuwa ana rubuta masa shi ne idan yana daidai matakin da mai masauki yake, saboda haka wanda ya shiga wasan wanda ya yi masa nisa zai ƙaru da kaya, amma labarinsa na nan inda ya tsaya. Mafita a gare ku ita ce wanda ya fi kowa zama a baya shi ne zai riƙa zama mai masauki, sauran su shigo su taya shi har ya cim musu. Ku kuma sani cewa aikin ƙarshe na labarin kowa shi kaɗai yake yin sa.

Dying Light 2, wanda ya fito a watan Fabrairu na 2022, ya zo da tsari mai tsauri a wannan fanni. A lokacin fitowarsa labarin mai masauki kaɗai ake adanawa, baƙi kuma su tafi da kaya da maki. Dalilin a fili yake: birnin Villedor yana sauyawa gwargwadon ɓangaren da ɗan wasa ya mara wa baya, kuma ko da baƙi sun kaɗa ƙuri'a a kan wani zaɓi, hukuncin ƙarshe na mai masauki ne. A ganina na farkon ya fi dacewa da ku, musamman saboda darensa. Idan rana ta faɗi makin tsalle da na faɗa suna ninkuwa, amma a lokacin ne dodannin da ake kira Volatile suke fitowa farauta, kuma a nan ake gane amfanin aboki, domin ɗaya yana haska su da tocilar ultrabayolet, wadda haskenta ke korar su, yayin da ɗayan yake tayar da wanda ya faɗi kafin lokacinsa ya ƙare.

Mai Tanadi:

Bayanin Tauraron Dare daidai ne, sai dai ina da saɓanin ra'ayi a kan zaɓin. Duk wasan da aka gina a kan labari mai jeri zai wahalar da mutanen da lokutansu ba sa haɗuwa, domin dole wani ya jira ko wani ya maimaita. Ni 7 Days to Die nake ba ku shawara. Babu wani labarin da za a bar mutum a baya a cikinsa. Duniya ɗaya ce da kuke ginawa tare, kuma idan kun ɗora ta a kan saba (server) mai zaman kanta, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan a buɗe ko da yaushe, kowa zai iya shiga a lokacin da ya samu sarari ba tare da jiran kowa ba. Mai aikin dare zai iya shiga da safe ya haƙo ƙarfe ya zuba a akwatin sansani, sauran su tarar da shi da yamma.

Abin da ke haɗa kan 'yan wasa a cikinsa shi ne daren jan wata, wanda bisa tsarin asali yake zuwa duk kwana bakwai na cikin wasan, inda zombi suke tururuwa kai tsaye zuwa inda kuke, suna fasa bango suna haƙa ƙasa. Wannan daren kaɗai ne ya zama wajibi ku tsara ku haɗu. Ku kuma raba sana'o'i tun farko, ɗaya ya ɗauki gini da haƙa, ɗaya ya ɗauki magani da noma, ɗaya ya ƙware a kan makamai da yawon ganima, domin idan kowa ya zuba makinsa a abu guda, ƙarfin maƙiyan zai ƙaru ya bar ku a baya.

Garkuwa:

Na gode muku ƙwarai. Wani ya ambata mini State of Decay 2, shi kuma ina ya tsaya a wannan batu? Sannan ni da ɗayanmu a kwamfuta muke, na ukun kuma Xbox gare shi.

Tauraron Dare:

Wannan bayanin na ƙarshe ya sauya lissafin, ɗan'uwa, domin Dying Light na farko da na biyu ba sa haɗa mai kwamfuta da mai Xbox a wasa ɗaya. State of Decay 2, na kamfanin Undead Labs da ya fito a 2018, yana haɗa su, kuma mutum huɗu yake ɗauka. Sai dai shi ma sansanin na mai masauki ne: baƙo yana zuwa ne da mutum ɗaya daga cikin jama'ar da yake jagoranta a nasa wasan, ba zai iya yin nisa da mai masauki a taswira ba, kuma buhunan kayan gini da na abinci sansanin mai masauki suke shiga. An raba akwatunan ganima da launuka domin kowa ya san nasa, baƙo kuma yana komawa da lada. Abin lura mafi girma shi ne mutuwa a cikinsa ta dindindin ce, har ga baƙo, don haka kada wani ya kawo gwanin jama'arsa wajen rusa zuciyar annoba, wato matattarar cutar da zombi suke karewa, sai kun saba da juna. Mai Xbox ɗin kuma ya tabbatar yana da rajistar da ke ba shi damar wasa ta intanet kafin ku sa rana.