Jibin Ubangiji: duk Lahadi ko wata-wata?

To jama'a ga abin da na tsinto daga muhawarar da aka yi kan sau nawa ya kamata a riƙa cin Jibin Ubangiji a coci, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Kusan kowa ya yarda Littafi Mai Tsarki bai yanka adadi ba, a 1 Korintiyawa 11:26 Bulus cewa ya yi duk lokacin da kuka ci gurasar kuka sha ƙoƙon, bai ce sati ko wata ba. Masu son kowace Lahadi sun kafa hujja da Ayyukan Manzanni 20:7 inda aka taru ranar farko ta mako don gutsura gurasa, har wani ya tuna mana John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, ma duk sati ya so amma majalisar birnin Janiba inda yake hidima ta tsayar da sau 4 a shekara. Masu wata-wata kuma tsoronsu kar abin ya zama sabo, mutum ya karɓa hankalinsa na wani wuri. Ni dai hujjar nan ba ta kama ni ba, ai wa'azi ma duk Lahadi ake yi kuma ba wanda ya ce a rage.

Katolika kam a kowace Mas ne, wato babbar sujadarsu, amma tun 1215 dokarsu ta ce kowane mai bi ya karɓa aƙalla sau ɗaya a shekara lokacin Ista.

Shawarar da ta fi yawa ita ce fasto ya sanar tun da wuri don kowa ya binciki kansa yadda 1 Korintiyawa 11:28 ta ce, mai gaba da ɗan'uwa ya je su shirya tukuna, sannan dattawa su kai wa tsofaffi da marasa lafiya nasu har gida.