Yaya ake amsa tambayar "kwatanta" a jarrabawar adabi?

Ɗalibi daga Sakkwato:
Assalamu alaikum, malamai. Jarrabawa ta matso, kuma cikin tambayoyin baya akwai wadda ta ce a kwatanta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ta fuskar jigo da salo. Shin a gama bayanin littafi ɗaya sannan a koma ɗayan, ko a haɗa su? Allah ya saka da alheri.

Malamin adabi:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka raba su. Wanda ya cika shafi guda da Ruwan Bagaja, ya juya ya cika wani da Shaihu Umar, taƙaita labari biyu ya yi, bai kwatanta komai ba. Nan mafi yawan maki ke zubewa, domin mai duba takarda ya san labaran, hukuncinka yake nema.

Kafin ka fara, ja layi biyu a bayan takardar amsa, ka sami gida uku: abin kwatance, littafi na farko, na biyu. Abu uku ya isa, huɗu in da lokaci. Kowane sakin layi ya ɗauki abu ɗaya, littattafan biyu su bayyana a cikinsa.

Ɗauki tafiya, misali. Duka taurarin biyu sun bar gida sun yi nisa. Amma Alhaji Imam, tauraron Ruwan Bagaja, da ƙafarsa ya fita neman ruwan, Umar kuwa sace shi aka yi yana yaro, bauta ta kai shi ƙetaren hamada. To me wannan ya haifar? Tafiyar ganin dama ta ba Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, filin raha, shi ya sa gasar wayo tsakanin Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ta mamaye littafin. Tafiyar dole ta sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, ya yi rubutu cikin natsuwa da tausayi, musamman inda uwar Umar ta bi sawun ɗanta. Ka ga jigo ya jawo salo da kansa. Wannan tambaya ta "me ya haifar" ita ce ran amsar, kada wani sakin layi ya ƙare ba ka amsa ta ba.

Wata malama:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ƙari kaɗan kan gabatarwa: jimla uku zuwa huɗu. Sunan littattafan da marubutansu, abin da ya haɗa su, sai matsayarka. Mahaɗin a nan a fili yake, duka sun fito daga gasar rubutun zube ta 1933 da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya daga Zariya. Faɗi hakan a jimla ɗaya ka wuce, tarihin marubuci ba shi aka tambaya ba. In minti 40 gare ka, 5 na tsarawa, 30 na rubutu, 5 na bita. A bitar ka duba ɓ, ɗ, ƙ da rabon kalmomi, kuma ka ƙirga ko wani littafin ya danne ɗan'uwansa.

Ɗalibi daga Sakkwato:
Na gode ƙwarai. In waƙa aka kawo fa?

Malamin adabi:
Tsarin bai canja ba, ma'aunan ne suke canjawa. In rubutattu ne duka, duba ƙwar nawa kowace take (wato layi nawa ne a kowane baiti), amsa-amo babba da ƙarami (dacewar sautin ƙarshen layuka), kari (ma'aunin sautin waƙa), da yadda aka buɗe aka rufe. In an haɗa rubutacciya da ta baka, a ce waƙar Nana Asma'u da ta Narambaɗa, kula da kalmominka. Baiti da ɗango (layi ɗaya na baiti) na rubutacciya ne, ta baka gindi (amshin da ake maimaitawa) da ɗiya (rukunan da ke tsakanin amshi) gare ta, ga kiɗa da 'yan amshi. Layin da ba ka haddace daidai ba, kada ka sa shi cikin alamar zance, kawo ma'anarsa da kalmominka.