Wai wasa a aji ɓata lokaci ne?

Malamar Aji Uku:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare a Kano, yara sittin da ɗoriya a ajina. Sun iya rera "biyu sau biyu huɗu" tiryan-tiryan, amma ka tsayar da yaro ka ce bakwai sau uku nawa, sai ya koma farko yana motsa baki. Ranar Talata na ce kowa ya zo da marafan kwalba. Muka fita gindin dalbejiya, muka haƙa gurabe irin na dara, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta zagaya ta ɗaya gefen, ta tsura wa ƙasa ido, ta ce, "Malama, ta nan kuma shida sau biyar ne, kuma dai talatin ɗin ne!" Wallahi har ƙwalla na yi.

Washegari wani uba ya zo ransa a ɓace, wai bai turo ɗansa wasan ƙasa ba, a gida ma waya ta hana shi karatu. Hedimasta ya ce in rage. To jama'a, ni ce na yi kuskure?

Baffa Mai Gyaran Waya:
Malama, Allah ya ƙara basira. Ni da wasan maciji na Nokia 3310 na fara sanin madannan waya, lokacin da GSM ta shigo a 2001. Daga nan na fara kwance ta in ga cikinta, yau da ita nake ci da iyali. Kuma tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Ɗan wana ya fi sa'o'insa karatu, amma da ya zauna gaban allon, hannunsa rawa yake, don an hana shi taɓa komai tun yana ƙarami, wai kada ya lalace.

Maman Biyu:
Baffa, a yi haƙuri, ban yarda da kai duka ba. Uban nan ma yana da gaskiyarsa. Nawa yaran in suka samu wayata, awa biyu suna murza TikTok, data ta ƙare, ka tambaye su me suka gani ba su sani ba. Wannan ba irin wasan Malama ba ne. Mu da kakarmu ke cewa "Kulin kulifita", mu ce "Gauta", sai ka yi gumi kafin ka cinko amsa, in ka kasa ka ba da gari. Wayar nan kuwa ita ke yi wa yaro tunanin.

Malama, kada ki ja da uban. Ki gayyato shi, ki sa ɗansa ya jera masa bakwai sau takwas a ƙasa.

Ɗan Damagaram:
A nan Nijar da dala muke lissafin kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce. Yarinya mai tallan ƙosai ta san dala ashirin sefa ɗari ce, ko cikin barci. A lakwal kuwa a tambaye ta ashirin sau biyar da Faransanci, ta yi tsuru-tsuru. Wani malaminmu kanti yake buɗe mana a aji da gwangwanayen madara da kuɗin kwali, wanda ya ba da canji ba daidai ba ya sauka daga kujerar mai kanti. Har faɗa muke a kan kujerar nan.

Malamar Aji Uku:
Na gode ƙwarai. Maman Biyu, na bi shawararki. Uban bai zo ba, ya turo mahaifiyar yaron. Ta tsaya har aka gama, ba ta ce komai ba, sai da za ta tafi ta tambaye ni ko ƙwallon dabino zai yi a gida. Hedimasta ya bar mana ranar Alhamis bayan an dawo daga tara. Kantin kuma sai mako mai zuwa, ina tara gwangwanaye.