Muhawara: A Borno da Yobe, zaɓen fid da gwani ne ke naɗa gwamna?

Malam Kyari: Magana ɗaya na zo da ita. Tun 1999 gida ɗaya ke cin zaɓen gwamna a Borno da Yobe, suna kawai yake sauyawa: APP, sai ANPP, sai APC bayan haɗakar 2013. PDP ta yi shekara 16 tana riƙe da gwamnatin tarayya, ba ta taɓa cin kujerar gwamna a ɗayansu ba. Don haka ranar fid da gwani ake zaɓen gwamna, na gama-gari sa hannu ne kawai.

Hajiya Yagana: Malam, tarihin da ka kawo daidai ne, hukuncin ne ban yarda da shi ba. A 2011 PDP ta tsayar da Mohammed Goni, wanda ya mulki tsohuwar Borno daga 1979 zuwa 1983, kuma Kashim Shettima bai sami kujerar a ɓagas ba. A shekarar ce Ali Modu Sheriff, gwamna mai barin gado, ya nemi sanatan Borno ta Tsakiya, Ahmed Zanna na PDP ya kayar da shi. Idan ƙuri'ar talaka ba ta da nauyi, yaya aka yi haka?

Malam Kyari: Hajiya, kujerar sanata daban. Dubi 2003: Mala Kachalla yana kan mulki, jam'iyya ta juya masa baya, ya koma jam'iyyar AD, Sheriff ya kayar da shi da tutar ANPP. Gwamna guda ya fita daga inuwar jam'iyya, rana ta dake shi.

Barista Audu: Ku bar ni in shigo ta fuskar doka, don a nan maganar Malam ke da ƙarfi. Sashe na 179 na kundin tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. A Borno 18 ke nan cikin 27, a Yobe 12 cikin 17. 'Yan adawa kan yi ƙarfi a yanki ɗaya, su rasa wakilan rumfa a sauran. Inda ba ka da wakili, babu mai karɓar maka kwafin sakamako, kuma ba ka da abin kai wa kotu.

Shi kuwa fid da gwani, Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ba da hanya uku a lokacin: 'yar tinƙe, daliget, ko maslaha. Idan aka ɗauki daliget biyar daga kowace mazaɓa, mazaɓun Yobe 178 sun ba da mutum 890. Wanda ya riƙe shugabannin mazaɓu shi ke rubuta sunayen, kuma daga nan zance ya ƙare. Maslaha ma sai kowane ɗan takara da aka tantance ya amince a rubuce. Mutum ɗaya ya ƙi, dole a koma ƙuri'a.

Hajiya Yagana: To Barista, wannan ƙarfin shi ne kuma raunin jam'iyya mai mulki. Zamfara fa? APC ta kasa kammala fid da gwani cikin wa'adin INEC a 2018 saboda rikicin cikin gida, ta ci zaɓe, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unta a ranar 24 ga Mayu 2019, Bello Matawalle na PDP ya hau.

Malam Kyari: Ai kin ƙarfafa ni ne, Hajiya. Fid da gwani ne ya yanke hukunci a can ma, ba akwati ba.

Hajiya Yagana: A 2019, na yarda. Amma Matawalle ya koma APC da gwamnati a hannunsa, ya sami tikiti ba gardama, a 2023 Dauda Lawal na PDP ya kayar da shi a akwati. Ka amsa mini wannan.

Barista Audu: Kafin ya amsa, ga abin da ke kayar da masu ƙorafin fid da gwani: kwana 14 kacal suke da shi su shigar da ƙara daga ranar da abin ya faru. Wanda ya tsaya jiran kwamitin sulhu na jam'iyya, wa'adin ya wuce shi, kotu ba za ta ko buɗe takardunsa ba.