Tayoyin bayan motata ba sa kai shekara, wace iri zan saya da za ta daɗe?

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan taya. Motata BMW 335i ce ƙirar 2011, mai jan baya, wilinta 18. A gaba 225/40R18 take ɗauka, a baya 255/35R18, kuma duka huɗun ranfilat ne, irin waɗanda ake ci gaba da tafiya a kansu ko sun sace. Yawancin zirga-zirgata a cikin gari ne, sai kuma Abuja da nakan je lokaci-lokaci.

Tayoyin baya ne suka dame ni. Sababbi fil na saka su, ba su yi shekara ba, tafiyar da suka yi ba ta wuce kilomita 15,000 ba, amma sun gama. Idan ka tsaya a gefen motar sai ka ce da sauransu, don zanen waje yana nan. Sai ka durƙusa ka leƙa ta ciki za ka ga gefen ya suɗe tas, ɗaya har waya ta fara leƙowa. Na gaba kuwa ko rabi ba su ci ba. Kun san yadda farashi ya koma tun da naira ta faɗi a 2023, ba zan iya sayen irin wannan taya duk shekara ba. Wani abokina ya ce in sayi na Baljiyam kawai tunda ko sabuwar ba daɗewa take ba, wani kuma ya ce in nemi taya mai tauri irin ta motocin haya. Wanda ya san harkar ya taimaka mini, don da iyalina nake hawa babbar hanya.

Bakanike, daga Kaduna:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Abin da ka faɗa na suɗewa ta ciki ya nuna matsalar a ƙafar motar take, kuma ko wace taya ka ɗora haka za ta cinye ta. Waɗannan motoci daga kamfani ake saita ƙafafun bayansu a ɗan karkace, saman tayar ya kwanta ciki, domin ta riƙe kwalta a kwana. Wannan kaɗai yana sa gefen ciki ya fi ɗaukar nauyi. To idan aka haɗa da saitin da ya goce, wato hancin tayar ba ya kallon gaba sak, sai ta zama tana tafiya tana gurzar kwalta a kaikaice. Shi ne babban mai cin taya, ya fi karkatar ɓarna nesa ba kusa ba.

Ka gwada da kanka. Motar na tsaye, ka shafa tafin hannunka a kan zanen, daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo da shi. Idan ta ɓangare ɗaya sumul ne, ta ɗayan kuma yana kartar hannu, saitin ya goce. Motar shekararta ta haura goma, robobin hannuwan ƙafar baya sun isa su saki, ga ramukan da take faɗawa. A ɗaga ta a duba bushin ɗaya bayan ɗaya, a canza wanda ya mutu, sannan a yi alaimen na ƙafa huɗu a kan kwamfuta. Wurare da yawa gaba kawai suke taɓawa su ce an gama. Ka ce su ba ka takardar awon, ta kafin gyara da ta bayan gyara.

Ɗan'uwa mazaunin Amurka:

Abin da oga bakanike ya faɗa shi ne farko. Ni a kan zaɓin tayar zan yi magana. Ka duba jikin tayarka kusa da zane, za ka ga an rubuta TREADWEAR da lamba a gabansa. Tsari ne na gwamnatin Amurka: ana gwada taya a kan hanyoyin jihar Texas na tsawon mil 7,200, a kwatanta cinta da na wata tayar gwaji da aka ba lamba 100. Mai 300 ana sa ran ta yi ninki uku na waccan. Tayar da yawancin irin motarka suka fito da ita daga kamfani, Bridgestone Potenza RE050A, lambarta 140 ce, don an yi ta ne saboda riƙo. Michelin Pilot Sport 4S tana da 300. Michelin Pilot Sport All Season 4 tana da 540, Continental ExtremeContact DWS06 Plus kuma 560. Waɗannan biyun na ƙarshe tayoyin motocin gudu ne, amma robarsu an haɗa ta don kowane yanayi, ta fi jure ci.

Sai dai kamfanin da ya yi tayar shi ke sa lambar, saboda haka ta fi amfani idan kana kwatanta tayoyin kamfani ɗaya. 500 ɗin wani ba lallai ta kai 400 ɗin wani ba, musamman sunayen da ba a sani ba. Wani abu kuma: a nan kasuwar Michelin na ba Pilot Sport 4S garantin mil 30,000, All Season 4 kuma 45,000, amma idan gaba da baya girmansu ya bambanta kamar naka, rabin wannan suke ba na baya. Su da kansu sun san tayar da ba a iya juya ta gaba ba za ta daɗe ba. Garantin ba zai bi ka Kano ba, na kawo shi ne don ka san abin da za ka sa rai. Da ni ne, Continental ɗin zan saka.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Na fita na duba yanzu, 200 aka rubuta a tawa. Hannu kuma na shafa yadda oga ya ce, tana karta sosai, ta dama ta fi.

Mai Lexus, daga Abuja:

Yallabai, ni ban goyi bayan tayar kowane yanayi ba, kuma zan faɗi dalilina. An yi ta ne don ƙasar da ake sanyi har ƙanƙara ta sauka. Continental ɗin da aka ambata har haruffa uku aka zana a kan zanenta, D da W da S, na busasshiyar hanya da jiƙaƙƙiya da ta ƙanƙara, suna gogewa ɗaya bayan ɗaya yayin da take ci. Me za mu yi da na ƙanƙarar? Mu a watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. Tayar zafi, wato wadda aka haɗa robarta don lokacin zafi, ita aka yi wa irin yanayinmu, ta fi tsayawa da wuri idan aka taka birki, a bushe ko a ruwan Agusta. Motarka ƙarfin injinta doki 300 ne, duk a tayoyin baya biyu yake sauka. Ranar da tirela ta tsaya maka ba zato kusa da Jere, 'yan mitocin nan su ne komai.

Akwai tsaka-tsaki. Michelin Pilot Sport 5 tayar zafi ce, lambarta 340, ta ninka ta kamfani fiye da sau biyu, kuma ta kasuwar Turai ce, inda yawancin dilolinmu ke ɗauko kaya. Waɗancan biyun na kowane yanayi kuwa na kasuwar Amurka ne. Idan ɗaya ta fashe maka a hanya, samun 'yar'uwarta sai an yi oda ka zauna jira.

Ɗan'uwa mazaunin Amurka:

Maganarka ta birki gaskiya ce, tayar zafi ta fi tsayawa. Amma a Texas da Arizona ma ana zafi kamar na gida, kuma mutane na hawa waɗannan tayoyin lafiya. Abin dubawa shi ne harafin da ke gaban TEMPERATURE a jikin tayar ya zama A. Malam ya ce yawancin tuƙinsa na cikin gari ne, ba tsere yake ba. Batun samuwa a kasuwa kuwa na sallama maka, ka fi ni sanin halin da ake ciki.

Dillalin taya, daga Kano:

Alhaji, sana'ata ce, bari in ce wani abu a kan shawarar abokanka biyu, don duka biyun ina roƙonka ka bar su.

Ta Baljiyam: tana cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, shi ya sa ake cusa uku ko huɗu cikin juna a ɓoye su a kwantena. Wajen cusawa da zarowa wayar bakin tayar ke lanƙwasa, kuma ba a gani da ido. Taya mai gajeren gefe irin taka ita ta fi jin wannan wahalar. Wasu ma tayoyin ƙanƙara ne da aka cire a Turai, robarsu laushi gare ta, kwaltarmu na narkar da ita cikin 'yan watanni. Idan ka ga zanen cike da ƙananan tsaga kamar an yi masa zube da reza, ita ce.

Ta biyu, taya mai tauri ta motar haya. Bayan girman taya akwai lamba da harafi, misali 94Y. Lambar nauyi ce, 94 na nufin kilo 670 a kan taya ɗaya. Harafin kuma iyakar gudu: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Wani zai ce ai ba ya kai wannan gudun. Harafin yana nuna ƙarfin ginin tayar da yadda take jure zafi, shi ya sa ba a sauka ƙasa da abin da ke rubuce a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba.

Ko sabuwa za ka saya, ka duba shekararta. Bayan rubutun DOT a jikin tayar, lambobi huɗun ƙarshe: 2324 na nufin mako na 23 a shekarar 2024. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, tayoyin motocinmu daga waje suke zuwa, kuma girma irin naka ba kullum ake nemansa ba, yana iya daɗewa a sito cikin zafi. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ƙirgawa daga ranar da aka yi taya. Idan ka sayi wadda ta kwana shekara uku a shago, shekara ɗaya ka saya. Ka karanta lambar a kan kowace ɗaya da idonka kafin a ɗora.

Hajiya, daga Zariya:

Mu abin da ya raba mu da wannan matsalar sauya wili ne. Irin motarka ce a gidanmu, muka koma 17, duka huɗun 225/45R17. Yanzu ana juya na baya gaba duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, suna ci tare. Gefen tayar ma ya ƙaru daga kusan milimita 90 zuwa 101, rami ba ya saurin sa ta kumburi. Ta ɗan rage kyau, kuma idan aka taka totur da ƙarfi bayan ya fi saurin sulɓewa, wannan gaskiya ne. A gwada wilin kafin a biya, birkin gaban 335i babba ne, ba kowane 17 ke shiga ba.

Mai faci:

Yallabai, iska. Yawancinmu 45 ko 50 muke bugawa kowace mota idan mai ita bai yi magana ba, geji kuma da yawa sun gaji. Ka sayi naka geji, ka auna da safe kafin ka motsa motar, ka bi abin da ke jikin ƙofa. Na baya a irin motarka sun fi na gaba shan iska. Ranfilat kuma ko iskarta ta ragu sosai a tsaye za ka gan ta, tana ci ba ka sani ba.

Mai tambaya:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. An ɗaga motar, an samu bushi biyu sun mutu a baya, na dama har ya tsage. Za a canza a yi alaimen. Zuciyata ta fi kwanciya da tayar zafi mai lamba 300 zuwa sama, saboda samuwarta da kuma birki. Tambayata ta ƙarshe: tunda na gaba da sauransu, zan iya barin su ranfilat in saka na baya waɗanda ba ranfilat ba?

Bakanike, daga Kaduna:

Alhaji, ban ba ka wannan shawarar ba. Gefen ranfilat tauri gare shi, na ɗayar kuma yana lanƙwasa, sai gaba ya riga baya amsa sitiyari, a kwana da gudu za ka ji bayan yana lilo. Idan aljihu bai kai huɗu ba yanzu, ka sayi ranfilat biyu irin na gaban ka ƙarasa da su, in ya so ka sauya duka tare. Idan ka sauya ɗin, ka tuna motarka ba ta zo da safaya ba. Ranfilat na ba ka kimanin kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba bayan ta sace, ɗayar kuwa a nan za ka tsaya. Ka nemi siririyar safaya mai ƙusa biyar da ta dace da motar, da jak, da sifana, da ƙaramin famfon da ake jonawa a mota, ka gwada su a gida kafin ka hau hanyar Abuja. Bayan alaimen ka yi tafiyar kilomita 2,000, ka sake shafa hannu a gefen ciki, ka dawo ka faɗa mana abin da ka ji.