Za a cire wa karyata mahaifa, allurar barcin ce ta hana ni sakat

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da karya 'yar shekara 2, nauyinta kilo 18. Haihuwarta biyu, kuma na gaji da neman masu karɓar 'yan kwikwiyo, shi ne na yanke a cire mata mahaifa. Likitan ya ce ba shi da injin iskar sa barci, ta jijiya zai riƙa ba ta magani har a gama ɗinki. Tambayata biyu: hakan ba haɗari? Kuma in tana barci, shi ke nan ba za ta ji wuƙa ba?

Wani mai kiwon karnuka: Wa alaikumus salam Hajiya. Tawa ta jijiya aka yi mata bara. Aka aske gashin ƙafarta ta gaba, aka sa kanula, aka tura wani farin ruwa kamar madara, kafin in gama gyara tsayuwa kanta ya langaɓe. Da yamma na ɗauko ta tana tangaɗi. Ki kwantar da hankalinki.

Likitan dabbobi: Wannan farin ruwan da Malam ya gani furofofol ne, kuma a kansa zan amsa tambayarki ta biyu, don ta fi ta farko nauyi. Furofofol barci yake sawa kawai, ba ya kashe zafi. Karya tana iya kwanciya shiru a kan tebur alhali jikinta yana karɓar zafin yankan. Mu a wurin aiki muke gani: da zarar an jawo jijiyar da ta riƙe ƙwan haihuwa, can kusa da ƙoda, sai bugun zuciya ya tashi, numfashi ya ƙaru, in dai ba a tare zafin tun farko ba. Nan ne wuri mafi ciwo a duk aikin, ya fi yankan fata nesa ba kusa ba.

Shi ya sa ake haɗa magunguna. Kamar minti 20 kafin a fara, a yi mata allurar kwantar da hankali, irin su medetomidin ko asefuromazin, tare da mai kashe zafi na dangin mofin, kamar metadon ko bufurenofin. Sannan a kwantar da ita da furofofol, ko alfaksalon, ko ketamin da diyazefam. Wasunmu kan ƙara lidoken a layin da za a yanka. Amfanin haɗin shi ne kowanne kaɗan ake buƙata, kuma zafin da aka tare kafin wuƙa ta taɓa fata ya fi sauƙin riƙewa bayan ta farka.

Batun haɗari kuwa, yin aikin duka ta jijiya hanya ce karɓaɓɓiya. Abin lura, furofofol kan tsayar da numfashi na ɗan lokaci idan an tura shi da sauri, yana kuma saukar da jini. Don haka ki tambaye shi ko zai sa mata bututu a maƙogwaro, ko akwai iskar oksijin a kusa, da kuma wanda zai tsaya a kanta yana duba numfashi da launin dasashi yayin da shi hannunsa ke cikin ciki. Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyin ba.

Mai tambaya: Na gode Likita, Allah ya saka. To idan mun dawo gida ta fara kuka fa? Ina da ibufurofen da farasitamol a ajiye.

Wata 'yar zaure: Don Allah 'yar'uwa kada ki kuskura! Ni na taɓa yin wannan gangancin. Tausayi ya sa na ba nawa karen ibufurofen kwana biyu, sai amai, sai kashi baƙi wuluk kamar kwalta. Gyambon ciki ne ya kama shi, da ƙyar aka ceto shi da ƙarin ruwa.

Likitan dabbobi: Gaskiyarta. Ibufurofen da diklofenak suna huda cikin kare, suna taɓa ƙoda. Farasitamol sai da awon likita, kyanwa kuma kashe ta yake yi. Abin da aka saba bayarwa shi ne meloksikam ko karfurofen na 'yan kwanaki, a kan nauyinta. Kada a haɗa biyun, kada kuma a haɗa ɗayansu da deksametason ko furedinisolon. In tana shan wani magani yanzu, ki faɗa masa tun kafin ranar.

Kuma kada ki jira kuka. Karnuka da yawa ba sa kuka, sai dai ki ga ta ƙanƙame baya, ta tsaya ta ƙi kwanciya, tana waiwayen cikinta, ko ta yi gurnani in kin kai hannu kusa da ɗinkin. Ɗan kukan daren farko ma sau da yawa mayen maganin ne bai gama sakinta ba.

Wani dattijo a zaure: Ni abin da zan ƙara, sanyi. Maganin barci yana saukar da zafin jiki, ki shimfiɗa mata bargo a ɗaki, ban da siminti. Ki sa mata wannan mazurarin roba na wuya ko da za ta yi ta bugun ƙofa da shi, don lasa ce ke warware ɗinki. Ban da tsalle da gudu sai an cire zare, kwana 10 zuwa 14.

Likitan dabbobi: Hajiya, na manta ban tambaya ba: yaushe ta gama jinin neman namiji? Idan tana ciki ko ba ta daɗe da gamawa ba, jijiyoyin mahaifa a cike suke da jini, gara a jira wata 2 zuwa 3.

Mai tambaya: Kai, sati uku ke nan da ɗaukewarsa, kuma ban faɗa masa ba. Bari in kira shi yanzu mu sake rana, in haɗa da tambayar bututun.