Land Rover da aka sauya wa inji: motar tarihi ce har yanzu, ko ta zama gwangwan?

Mannir: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Land Rover ɗin marigayi kakanmu da ke ajiye a Daura, doguwar nan mai inci 109 tsakanin tayoyin gaba da na baya, na jawo ta Katsina da niyyar a tayar da ita. Fitilunta a tsakiya suke, jikin ragar gaba, sitiyari kuma a dama. Sai dai injin da ke ciki ba nata ba ne, na Peugeot 504 ne da aka dasa mata tun kafin a haife ni. Wani mai sayen tsofaffin motoci ya leƙa ya ce mani motar da aka cire wa injinta na asali ta tashi daga motar tarihi, gwangwan ce mai taya huɗu. Haka abin yake?

Injiniya Bishir: Wa alaikumus salam. Ƙanena, mutumin ya tsananta don ya karya farashi, amma bai yi ƙarya ba. Masu tara irin waɗannan motoci a Ingila da Amurka, abin da suke fara dubawa shi ne ko shasi da inji da giyabos duk na zamani ɗaya ne. Yadda ka kwatanta taka, ko Series II ce da ta fito a 1958, ko IIA ta 1961, domin sai wajen 1968 zuwa 1969 aka fitar da fitilun daga tsakiya zuwa gefe. Galibin irinta injin lita 2.25 suke ɗauke da shi. Ba shi da gudu, amma ka ja jan sandan nan ka sa ƙaramar giya, zai fid da kai daga yashi yana huci a hankali. Na 504 don kwalta aka yi shi. Wanda ya tuƙa taka yau bai ɗanɗani abin da direban kakanka ya ɗanɗana ba.

Baba Rabe: Bishir ɗana, kai a takarda ka san ta, ni a ƙarƙashinta na yi furfura. Ka tambayi duk bakaniken da ya yi aiki bayan 1982, lokacin tsuke bakin aljihu na Shagari, balle da SAP, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, ta zo a 1986 naira ta faɗi. Fistin da ringi na Land Rover daga Ingila suke zuwa, wa ke da kuɗinsu? Peugeot kuwa tun 1975 ake haɗa ta nan Kaduna, kayanta har a kasuwar ƙauye sai ka samu. Mai mota ya zo maka da inji ya buga, ga iyali, ga gona ana jiran taki. Me za ka ce mashi? Ya jira jirgin ruwa? Waɗanda suka ce sai injin asali ko a fasa, na ga ƙarshen motocinsu. Suna nan zaune kan duwatsu har 'yan gwangwan suka zo da sikeli. Bodin nan alminiyam ne, masu zuba tukwane ba sa wasa da shi. Wanda ya dasa 504 ɗin nan shi ya sa yau Mannir ke da motar da zai yi tambaya a kanta.

Injiniya Bishir: Allah ya ja da ran Baba, ban ce bai kyauta ba. Ceton mota daban, asalinta daban. Kuma Baba ya fi ni sanin cewa injin 504 ba ya zama haka kawai. Sai an ƙera farantin da zai haɗa shi da giyabos, sai an yanke mazaunin inji a jikin shasi an yi walda, wani sa'in har lagireto a matsar. Wannan yankan ba ya komawa.

Baba Rabe: Yana komawa mana. Ƙarfe ne.

Sada: Ku dai da kun huta kun nemi Land Cruiser 40. Daga 1960 har 1984 Toyota na ƙera ta, injin silinda shida, ba ruwanta da ɗigar mai. Ku je Agadas ku ƙirga Land Rover nawa ta rage a hanyar hamada.

Baba Rabe: Sada, waccan gardamar ta wata rana ce. Amma ka nemo mani Land Cruiser mai shekarun wannan da tsatsa ba ta ci gindin ƙofofinta ba, sannan mu zauna.

Malama Hassatu: Ni ban san fistin ba, tarihi nake koyarwa, don haka ku yi mani uzuri. Injiniya, da kake cewa asali, tarihin wa kake nufi? In na masana'antar Land Rover da ke Solihull a Ingila ne, wannan an riga an rubuta shi: kamfanin Rover ya nuna motar a Amsterdam a 1948, an yi bodinta da alminiyam saboda ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙin duniya na biyu. Turawa ba su bar komai ba a nan. Abin da ba a rubuta ba shi ne rayuwar da ta yi a ƙasar Daura. Ku dubi sitiyarin kawai. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, to mota mai sitiyari a dama tana faɗa maka da bakinta cewa ta ga zamanin da ake bin hagu, ta ga fam da sule kafin naira ta zo a 1973, ta ga Jihar Arewa ta Tsakiya, ta ga Jihar Kaduna, ta ga ranar da aka ba mu tamu a 1987. Injin 504 ɗin ma shaida ne na shekarun da Baba ya ambata. Hasumiyar Gobarau sau nawa aka yi mata yaɓe? Wa ya taɓa cewa ta daina zama Gobarau?

Injiniya Bishir: Malama, da ƙasa ake yi mata yaɓen. Ranar da aka ce za a rushe rabinta a ɗora bulon siminti, ke ce za ki fara kai ƙara.

Malama Hassatu: Zan kai kuwa. Amma in na iske an riga an ɗora shekara arba'in da suka wuce, ba zan ce a sayar da sauran ga masu ɗibar ƙasa ba. Rubutawa zan yi: ga abin da aka sauya, ga shekarar, ga wanda ya yi, ga dalili. Mannir, kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, ka ɗauki hoton motar ta kowace kusurwa. Ka koma Daura ka buɗe akwatunan kakanka, tsohon lasin, rasit, takardar inshora, komai yagewarsa. In direbansa ko yaron motar na raye, ka zauna da shi ka kunna rikodar waya. Wace hanya suke bi, Mai'aduwa ko Kwangwalam zuwa Damagaram? Gyaɗa take ɗauka ko mutane? A hannun En'e aka saye ta ko a wurin dillali? Inji ana iya samunsa ko bayan shekara goma, tsohon direban ne ba zai jira ka ba.

Alhaji Lawal: Ni ɗan kasuwa ne, bari in gajarta maku. Injin 2.25 bai ɓace ba, ana samunsa a garejin Maraɗi da Kano in an sa ido, tunda har Series III da aka yi daga 1971 zuwa 1985 shi take amfani da shi. A saya a ɗora. In lambar jikin injin ce damuwa, akwai masu buga lamba da kurfi, su daidaita maka ita tsaf, ba mai ganewa.

Injiniya Bishir: A'a Alhaji, nan kam ban bi ka ba. Injin wata Land Rover a cikin wannan gyara ne, kowa ya yarda da shi in an faɗa. Buga lamba kuwa jabu ne. Kwastan na Amurka sun taɓa murƙushe Land Rover samfurin Defender sukutum saboda an taɓa lambarta don a nuna ta haura shekara 25 da dokarsu ta gindaya kafin a shigar da irinta ƙasar. Mota mai injin Peugeot da gaskiyarta ta fi mani mai lambar ƙarya sau dubu.

Baba Rabe: Yau dai ni da Bishir mun sha a kofi ɗaya. Alhaji, a bar wannan maganar. Mannir, lambar da ta dame ka ita ce ta shasi. Ka duƙa gaba ta hannun dama, wurin da sifirin ya rataya, a nan aka buga ta a jikin ƙarfen. Kar ka bari yaro ya kai mata garanda, ya goge maka ita da sunan cire tsatsa. Kananzir da burushin waya, a hankali, sannan ka shafa alli ta fito. Akwai kuma ƙaramin faranti a cikin motar, jikin bangon da ya raba inji da direba. Ka gwada su biyun ko sun yi daidai.

Injiniya Bishir: In IIA ce za ka ga lamba takwas da harafi a ƙarshe. Ukun farko su ke nuna tsawon motar, fetur ce ko gas, ɓangaren sitiyari, da kuma ko a haɗe ta baro Ingila ko a akwatuna aka turo ta aka haɗa a waje. Gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila na riƙe da kundin masana'antar, kuma suna bayar da takardar shaida in ka tura lambar ka biya: ranar da aka gama ta, launinta, da inda aka aika ta. Waɗanda aka turo a akwatuna dai bayaninsu kan yi ƙaranci.

Alhaji Lawal: To na janye. Amma sitiyarin fa? Jami'an kiyaye haɗurra ba sa barin na dama a kan titi. Dole a juya shi in ana son a hau.

Malama Hassatu: Don Allah kar a taɓa shi.

Injiniya Bishir: Ikon Allah. Malama ta yarda a yanke mazaunin inji amma ba ta yarda a taɓa sitiyari ba. Ashe ke ma akwai inda asali ke damun ki.

Malama Hassatu: Wancan an riga an yi, kuma larura ce ta sa. Wannan yanzu za a yi shi, muna kallo.

Mannir: Na gode ƙwarai. Abin da na tsayar: sitiyari na nan inda yake, ko da a fili da gona kawai za a riƙa tuƙa ta. Alhaji ya taimaka ya sa mani ido kan injin 2.25. In an samu a ɗora, na 504 kuma in wanke shi in ajiye tare da takardun, ba zan sayar ba.

Baba Rabe: Ni da tawa ce da na bar mata 504 ɗin, ya fi daɗewa a cikinta fiye da wanda ta zo da shi. Amma motarka ce. Kafin ka ba Alhaji ko sisi, ka kawo ta garejina a Ƙofar Ƙaura ranar Asabar mu bi shasin da guduma tun daga gaba har ƙarfen baya. Daura ba ta da damshi sosai, ina sa ran bai ruɓe ba, sai dai in ƙarƙashin indararo aka ajiye ta.

Injiniya Bishir: Zan zo da abin awo, Baba. Ina son ganin waldar nan da ido.

Baba Rabe: Ka zo da kayan da ba ka jin tausayinsu.